Wane Dutse Za Mu Hau?

Al'adar makarantarmu ce kowace shekara 'yan ajin ƙarshe su fita yawon buɗe ido na yini guda kafin a rarraba su koyarwar gwaji. Bana baki ya zo ɗaya a kan hawan dutse, amma da aka zo batun wane dutse, sai ra'ayi ya rabu, har muka yi mako biyu ana ja-in-ja a ɗakin kwana bayan sallar lisha. Mun ga ya kamata mu rubuta yadda muka yanke da dalilanmu saboda 'yan'uwanmu na baya, gama su ma wannan gardama tana nan tana jiransu. Ban da haka kuma, ba da daɗewa ba kowannenmu zai sami kansa da yara arba'in a hannu, amanar iyayensu, suna cewa Malam a kai mu dutse.

Tushen gardamar shi ne mu ba iri ɗaya ba ne. A cikinmu akwai mutanen ƙasar Jos da na Kagoro, waɗanda tun suna kiwon awaki suke tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. Akwai kuma mutanen Haɗeja da na Barno, waɗanda ba su taɓa hawan abin da ya fi rumbu tsawo ba. Akwai ɗan'uwanmu guda da shan-inna ta taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami, yana tafiya sarai, amma a hankali. Ga kuma malamai biyu da za su raka mu, ɗaya ya ba hamsin baya. Na farko suna son dutsen da za su dawo suna ba da labarinsa. Na biyun ba su ce kome ba, shirun nan nasu kuwa shi ya fi damunmu, domin saurayi ba ya tashi a gaban tsararsa ya ce yana jin tsoro.

Aka fara kawo Dala. Ba wanda ya raina ta wajen tarihi, a nan ne labarin Kano ya ce Barbushe ya zauna, kuma daga bisanta ana ganin birni duka. Amma an yi mata matakala, minti kaɗan mutum ya kai, saboda haka mutanen duwatsu suka ce wannan ai hawan bene ne. Sai su kuma suka kawo Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, da Dutsen Wase, wanda ya miƙe wajen mita 300 bisa fili kamar an kafa turmi, har tsuntsayen kwasakwasa ke sheƙa a kansa don sun san mutum ba ya isa can da sauƙi. Waɗannan ba mu daɗe a kansu ba. Dutsen da gefensa ya tsaya tsaye kamar bango aikin masu igiya ne da waɗanda suka koyi sana'ar.

Gardama ta gaske ta tsaya tsakanin duwatsun Shere da Kufena. Shere suna gabas da Jos, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 bisa teku, garin Jos kansa kuwa yana wajen mita 1,200. Wuri ne mai kyau da sanyi, ba mai musun wannan. Kufena kuwa ga shi nan yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa, kullum muna hangensa, shi ya sa waɗansu suka raina shi.

A nan lissafin da aka koya mana ya yi rana. Wani mai hawan duwatsu na ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya kafa wata ƙa'ida a 1892, har yanzu ana aiki da ita. Ya ce a ba kowace mil 3 ta tafiya sa'a guda, watau wajen kilomita 5, sa'an nan a ƙara sa'a guda a kan kowace ƙafa 2,000 ta hawa, watau wajen mita 600. Amma fa wannan ma'auni na ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ba ya tsayawa hutu. Taro irin namu sai a ninka, inda kuwa za a bi ɗaya bayan ɗaya ana dafa dutse, sai a sake ƙari. In mutum talatin za su wuce wani matsattsen wuri, kowa ya ci minti biyu, sa'a guda ta tafi ke nan a taki goma. Da muka ɗora wannan a kan tafiyar mota daga Zariya zuwa Jos da dawowa, sai muka ga Shere ba aikin yini guda ba ne, sai da kwana da kuɗin da ba mu da su.

Lissafi na biyu shi ya kashe bakin masu cewa sai dogon dutse ake ganin ƙasa. Saboda duniya a dunƙule take, mutumin da ke tsaye a fili idonsa ba ya wuce kilomita 5. In ya hau mita 100, zai hangi wajen kilomita 36. In ya hau mita 400, watau ninki huɗu na wahala, abin da zai gani wajen kilomita 71 ne, ninki biyu kaɗai. Ashe yawancin ladan hawa a mita ɗari na farko yake. Kuma dutsen da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili, kamar Kufena, ya fi ba da gani bisa wanda 'yan'uwansa suka kewaye shi suna tare masa ido.

To, amma ba mu zaɓi Kufena don sauƙi kaɗai ba. Da sauƙi muke nema, da Dala ta ishe mu. Abin da muke so dutse ne mai wurin da dole a sa hannu, domin ƙwararru su sami abin yi, baƙin hawa kuma su dawo da abin da ba su tafi da shi ba. Sharaɗin da muka kafa shi ne wurin dafawar ya zama gajere, kuma wanda in ƙafa ta zame, abin da zai biyo baya ƙujewar gwiwa ce, ba faɗawa rami ba. Wahalar wuri daban, hatsarinsa daban, mutane kuwa sukan haɗa su. Akwai wurin da zai sa ka gumi amma ƙasa tana kusa, akwai wanda yaro ma zai taka amma a gefensa ba kome sai iska. Na farkon shi ne namu. Mai jin jiri ba ƙarfi ya rasa ba, kuma ba a warkar da shi da dariya.

Sharaɗi na biyu, wanda a ganinmu ya fi kowanne, shi ne a sami masauki a tsakiyar hawa, mai inuwa, wanda daga nan ma ana ganin ƙasa. Muka shirya tun daga gida cewa a nan za a ajiye ruwa da abinci, kuma lalle mutum huɗu ko biyar su zauna gadi tare da malami guda. Hikimar ita ce wanda ƙirjinsa ya gaza, ko zuciyarsa ta tsinke, sai ya ce shi zai yi gadin kaya, ba wanda zai ce ya kāsa. Mun tura mutum uku tun ana saura mako su duba hanya, suka gaida mai unguwa, suka tambayi lafiyar wurin, aka kuwa haɗa su da wani makiyayi wanda ya san inda zuma ta yi gida a kogunan dutsen. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maciji yakan gudu in ya ji motsin taro, amma zuma in hayaniya ta tashe ta, mutum yana kan santsin dutse ba shi da wurin gudu.

Shi dutsen irin na Kufena halinsa sai an sani. Dutse ne ƙwaya ɗaya mai sulɓi, wanda rana ke gasawa, dare ya sanyaya, shekara da shekaru, har bayansa ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa. Saboda haka akan sami falle wanda ido zai ga kamar a manne yake, alhali a ɗore kawai yake, sai a buga shi da tafin hannu tukuna, in ya yi amo kamar ƙwarya a bar shi. In ya bushe yana riƙe takalmin roba ƙwarai, in ruwa ya taɓa shi kuwa, musamman inda baƙin layin gansakuka ya gangaro, ya fi sabulu santsi. Da tsakar rana kuma ba ya dafuwa don zafi. Wannan ya sa muka tsai da ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa da tsawa, kafin hazon hunturu ya rufe gari. Wanda ya hau cikin Janairu ya sha wahalar banza, zai iske fari fat ko ta ina.

Ranar tafiya muka fara hawa da hantsi bai yi ba. Ba a bar masu sauri gaba ba. Jagora ne a gaba, ɗan'uwanmu mai ciwon ƙafa yana biye da shi, tafiyarsa ita ce ma'aunin kowa, mutanen Jos da Kagoro kuwa aka rarraba su, kowanne da baƙon hawa biyu a hannunsa, mafi ƙarfinsu a can baya. Da fari sun yi gunaguni, amma da aka isa wurin dafawa sai ga su sun zama malamai, suna cewa sa ƙafarka nan, kada ka ɗaga hannu sai ƙafa biyu da hannu ɗaya sun zauna, kada ka kwanta da ciki a kan dutse gama tafin ƙafa ne ke riƙewa. Mutum shida suka zauna a masauki, biyu daga cikinsu don ra'ayin kansu, ba mu tambayi sauran dalili ba. Mai ciwon ƙafa bai zauna ba.

Daga sama muka ga birnin Zariya da ganuwarsa, da Wusasa a gindinmu, inda 'yan mishan suka koma daga cikin birni a 1929, da gine-ginen Jami'ar Ahmadu Bello can wajen Samaru, da gonakin dawa sun yi kai har iyakar gani. Malaminmu na tarihi ya nuna mana inda sawun tsohuwar ganuwa ya bi, ya tuna mana cewa bisa labarin da aka gada, sarautar Zazzau daga Turunku ta taso ta zauna a Kufena kafin birnin yanzu. Mun sha karanta wannan a littafi, amma sai a ranar muka gane dalilin da zai sa mutanen da ke tsoron mahara su zaɓi gindin dutse irin wannan, gama ba rundunar da za ta taso daga ko'ina ba a hango ƙurarta ba tun da nisa.

Sauka ta fi hawa cin lokaci, mun kuwa ware mata rabo mafi yawa tun a lissafi. Mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafa, mai sauka kuwa ƙafarsa ce ke lalube, gwiwa ta gaji, hankali ya riga ya koma kan tuwo. A wurin dafawa kowa ya juya ya fuskanci dutse kamar mai sauka daga tsani, na ƙasa yana gaya masa inda zai taka, kuma ba wanda ya tsaya daidai ƙarƙashin wani saboda tsakuwa. Muka yi azahar a gindin dutsen, aka ƙirga mu sau biyu kafin mota ta tashi. Mutanen Jos har yanzu ba su bar batun Shere ba, sun ce in an yi dogon hutu za su kai duk mai so, kuma cikin waɗanda suka ba da sunansu akwai mutanen Haɗeja uku.