Damina Biyu

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san nauyin wannan matsayi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana na yanka ba. Magaji yake ce mini, shi ma sai ta kama dole, kuma in yana da muhimmiyar magana da ni, ta bakin Baffa take isowa. Saboda haka da ya sauka Ingila a watan Yulin 2023 don halartar bikin kammala digirina na aikin gona a Jami'ar Reading, sai na tsinci kaina a halin da ban taɓa shiga ba: ni da shi kaɗai, babu wanda zai ɗauki magana daga bakin wani ya kai wa wani.

Akwai kuwa maganar da za a kai. Fulotinsa na Funtuwa da kuɗin sallamarsa na malamin gona ya haɗa ya biya mini karatu, bisa fahimtar cewa zan dawo in riƙe gonar gidanmu. Ni kuma na riga na yanke shawarar neman bizar da ake ba waɗanda suka gama digiri, wadda ke ba mutum damar zama ya yi aiki na shekara biyu. Na rasa ta inda zan fara. Sai na yi irin dabarar matsorata: na tara abin da nake samu daga jera kaya cikin dare a wani sito, na kama mana ɗakuna biyu na kwana uku a wani tsohon gidan masu sarauta da ke karkara, kusa da ƙauyen Bray. A lissafina, magana mai ɗaci za ta fi saurin haɗiyuwa in an ɗora ta kan abinci mai daɗi.

Gidan na jan bulo ne, tsire-tsire sun haye bangonsa har bakin tagogi, matakalarsa ta katako tana kuka a ƙarƙashin ƙafa. Irin waɗannan gidaje a da su ne cibiyar gandu: mai gida yana da ƙasar, talakawan kewaye suna noma ta suna biyan haya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harajin gado da tsadar kulawa suka fi ƙarfin iyalai da yawa, aka rushe wasu gidajen, wasu aka mai da su makarantu ko masaukin baƙi. Na bayyana wa Baba wannan duka da zaƙin bakin sabon mai digiri. Ya saurara, ya ce, "To, gandun sarki ke nan da magada suka kasa riƙewa." Ban sani ba ko da ni yake. Na yi shiru.

Hotunan kakannin gidan da ke rataye a zaure ba su ɗauki hankalinsa ba. Filin da ke bayan gidan ne ya ja shi. Da asuba, bayan mun yi salla, ya fita da hularsa da rigar sanyina, ya tsuguna a gefen furanni, ya ɗebi ƙasa ya murza ta tsakanin yatsu, ya shinshina. Baƙa ce, mai laushi, ga tana a ciki. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ce, "Wannan ƙasa ba ta san yunwa ba." Da hantsi wani mutum ya hau ƙaramin inji yana aske ciyawar, ya kwashe ya zuba a bayan shinge. Baba ya tambaye ni ina dabbobin da za a kai wa. Na ce babu, don kyan gani ake yi. A wannan makon a Funtuwa masara ta wuce gwiwa, ana neman takin zubi na biyu, kuma na san can hankalinsa yake.

Bray ƙauye ne ɗan ƙarami a bakin kogin Tems, amma sunansa ya kai ko'ina saboda abinci. Gidajen cin abinci biyu a cikinsa suna riƙe da taurari uku na Michelin, wato matakin ƙoli: Waterside Inn, wanda 'yan'uwa biyu Faransawa, Michel da Albert Roux, suka buɗe a 1972, da Fat Duck na Heston Blumenthal, wanda ya fara a 1995. Da na gaya wa Baba cewa kamfanin tayar mota ne ke raba taurarin, kuma tun 1900 yake buga littafin jagora don direbobi su yi ta tafiya tayoyi su cinye, ya yi dariyar da ban taɓa jin irinta daga gare shi ba. "Ashe mai faci ne alƙalin miya!" A kan ruwa kuma ga wasu manyan fararen agwagi masu dogon wuya. Ya tambayi mai su, na ce bisa tsohuwar al'ada duk wadda ba ta da alama ta Sarki ce, har ƙidaya ake yi musu a wannan wata. Wannan bai ba shi mamaki ba ko kaɗan.

Aljihuna bai kai ga masu taurari ba, ko da an sami gurbi. Wani ƙaramin wuri na zaɓa, mai kallon kogi, a darenmu na ƙarshe. Kifi muka nema, tunda ba mu san yadda aka yanka naman ba. Aka kawo faranti mai faɗin faifai, a tsakiyarsa yankin kifi da bai wuce tafin hannun yaro ba, da ɗigon koriyar miya a gefe. Gaskiya ita ce ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Fatar ta soyu ƙarau, naman yana rabuwa da kansa. Baba ya yi bisimilla, ya ci tas, ya goge farantin da burodi, ya yi hamdala. Sau uku na buɗe baki, sau uku na kurɓi ruwa. Da takardar kuɗi ta zo na yi saurin rufe ta da hannu, amma mutumin da ya shekara talatin yana lissafa wa manoma buhunan taki ba ya bukatar kallo biyu. Fam 140 ne, a lokacin da fam ɗaya ya kusa naira dubu. Bai ce komai ba. Muka tako zuwa masauki rana ba ta gama faɗuwa ba, ƙarfe tara saura.

Wajen sha ɗaya na dare aka ƙwanƙwasa ƙofata. Baba ne, riƙe da leda. Garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli, Inna ta cusa masa a jaka ba da son ransa ba. Babu kwano a ɗakin sai kofunan shayi na tangaran masu zanen zinari a baki. A cikinsu muka jiƙa garin, muka zuba sukari da 'yar madarar da ake ajiye wa baƙi, muka zauna a kan kafet muka jingina da gadon. Ban taɓa cin abinci kusa da shi haka ba.

Sai da ya kusa shanyewa, idonsa a cikin kofin, ya ce, "Takardar nan da kake son cikewa, shekara nawa suke bayarwa?"

Ashe Baffa, wanda na roƙa ya rufa mini asiri, tun a filin jirgin Kano ya sauke nauyin.

Na ce, "Biyu, Baba. Ku gafarce ni, na so in faɗa muku tun..."

Ya ɗaga hannu. "Damina biyu ke nan." Ya shafa gwiwarsa ta hagu, wadda ta daɗe tana damunsa. "Ina iya biyu."

Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Ya tashi ya shiga banɗaki ya wanke kofunan da kansa, ya goge su, ya mai da su kan tire yadda ya same su, don kada masu shara su ga alamar gari.

Bana ce damina ta biyu. Wurin aikina ya yi mini tayin neman wata bizar mai tsawo, takardar tana cikin durowa kwana goma sha ɗaya ke nan. Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanena ya turo mini hoton gonar, masara ta fitar da gemu, Baba yana tsaye a bakin kunya da sanda a hannu. Ban san lokacin da ya fara riƙe sanda ba. Ƙanena ya ce shi ya sa a turo, kuma ya ce kada a rubuta komai a ƙarƙashi.