Muryar Mai Tsaye

Mai sauraro ba ya ganin mai gabatar da shiri, amma kunnensa na bambance muryar na zaune da ta na tsaye. Idan mutum ya nutse cikin kujera, ciki kan tokare huhu, numfashi ya gajarce, jimla ta yanke tun ba a kai aya ba. Shi ya sa na sa kafinta ya ƙara wa teburina tsawo, nake karanta labarai a tsaye. Ciwon bayan da ke raka ni gida ya ragu, gyangyaɗin bayan azahar ma haka.

Batun ya wuce murya. A 1953, likita Jeremy Morris ya gano cewa direbobin bas na Landan, masu wuni a zaune, sun fi kwandastocinsu, masu hawa da sauka, kamuwa da ciwon zuciya. Sirrin yana ga motsi, domin doguwar tsayuwa ma tana kumbura ƙafa. Tambayi mai shayi.

Saboda haka nake gwamawa: labarai a tsaye, tace rahoto a zaune, in an saka waƙa in ɗan taka. Abokan aiki, murya ce jarinmu, jiki ne kuma ke ɗauke da ita.