Abin da cunkoson Istanbul ya koya mini

Duk wanda ya ce mini zai je Istanbul buɗe ido a watan Afrilu, kafin mu yi maganar kuɗin jirgi sai in ce masa ya fara duba kalandar Turkawa. Birnin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 15 ba sai baƙi sun zo yake cika ba. Ranar da mutanensa suka samu hutu suka fito, su kaɗai sun ishe shi.

Ba na ganin laifin masu kwaɗayin Afrilu. Lokacin da Kano da Maraɗi ke gasuwa, can sanyi ya janye, furen tulif ya lulluɓe lambunan Emirgan da Gulhane, ko da yake yayyafi ba ya sallama, don haka rigar sanyi ba ta barin jakata. Matsalar ita ce hutu ne ke hawa kan hutu. Turawa na zuwa hutun Ista, manyan jiragen ruwa na ’yan yawon shaƙatawa na sauke dubban mutane a tashar Galataport, ranar 23 ga wata kuma bikin yara ne da tunawa da buɗe majalisar ƙasar a Ankara a 1920. Ga ƙaramar salla da ta faɗo 21 ga Afrilu a 2023, da 10 ga Afrilu a 2024. Da yake sallolin biyu suna matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, yanzu babbar salla ce ta shigo watan Mayu. Hutun ƙarama kwana uku ne, na babba huɗu, amma gwamnati takan haɗa shi da ƙarshen mako ya zama tara, kamar yadda ta yi a 2024.

Za ka ji ana cewa da salla garin yakan zama fayau domin jama’a sun tafi garuruwansu. Rabin gaskiya ce. Unguwannin ofisoshi suna yin sauƙi, amma waɗanda suka rage duk bakin ruwa suke nufa, tunda hukumomi kan sa shiga motoci da jiragen gwamnati kyauta ga mazauna gari. Na ga tashar jirgin fito ta Eminonu a irin wannan rana, sai ka rantse Kantin Kwari ne a jajibirin salla. Mai niyyar zuwa tsibirin Buyukada ya bari sai an koma aiki.

’Yan’uwana masu haɗa saro da yawo su ma su lura. Babbar kasuwar nan mai rufi, Kapalicarshi, mai shaguna wajen 4,000, a rufe take duk ranar Lahadi da duk kwanakin salla, kuma dilolin tufafi na Laleli ma da yawa sukan ja ƙofa. A gama ciniki kafin jajibiri.

Babban abin da na gano shi ne muna da wata riba da yawancin baƙi ba su da ita: tashin asuba. Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, wanda da hantsi layin shigarsa yake miƙewa har cikin fili, da asuba sahu kaɗan ne a ciki, kana jin karatun liman yana zagaya ƙubba. Haka Ayasofya, ginin shekarar 537 da aka mayar masallaci a 1453, ya koma gidan tarihi, sannan aka sake buɗe shi don salla a 2020. Tun farkon 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan Yuro 25 ya hau bene, mai salla kuwa ƙofarsa daban. Idan na idar, sai in samu shayi da simit, burodin nan mai zagaye da riɗi, in taka zuwa ƙofar fadar Topkapi tun ba a buɗe ba. Ana buɗewa, ba na tsayawa kallon ɗakunan girki ko lambu, kai tsaye nake wucewa ɗakin Amanoni Masu Tsarki, inda aka ajiye kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbai, waɗanda aka kawo bayan Sultan Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur’ani a wurin ba yankewa. Wanda ya iso bayan ayarin masu jagora sun shigo, turawa kawai za a yi ta yi da shi har ya fita bai ga komai ba. Fadar ba ta buɗewa ranar Talata, kuma ranar farko ta salla kada ka sa rai da ita ko sauran gidajen tarihi.

Da rana ta take, barin unguwar Sultanahmet, inda waɗannan wuraren suke, nake yi gaba ɗaya in hau tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Mimar Sinan na 1557. A ganina ya fi wancan mai hasumiya shida kyau, ga fili, ga iska, ga ruwa shimfiɗe a ƙasanka.

Akwai dai taron da ba na gudu. Safiyar idi a unguwar Eyup, kusa da kabarin Abu Ayyubal Ansari, jama’ar ce abin kallon: yara na sumbatar hannun tsofaffi suna ɗora shi a goshi, ana ta miƙa alewa da turaren lemo har ga baƙon da ba a sani ba. A tafi tun da duhu, a bar fasfo da kuɗi masu yawa a masauki.

Ranar 1 ga Mayu kuwa ’yan sanda kan rufe dandalin Taksim da tashoshin jirgin ƙasa na kusa da shi saboda zanga-zangar ma’aikata. Idan tafiyarka ta ratsa wannan ranar, nemi masauki a Sultanahmet ko ka tsallaka ruwa zuwa Uskudar.