Daga Akwatin Wuta Na Fara Ciniki

Duk mai son haɗa kwamfutar tebur da ƙaramin jari, idonsa kan fara sauka ne a kan furosesa, domin ita 'yan kasuwa ke kururutawa. Ni kuwa da na tashi haɗa wa ɗiyata tata, akwatin wuta na fara saye, sabo fil, ban nemi ragi ba. A ƙasar da lantarki ke zuwa da ƙarfi ya koma da rauni, akwati maras inganci kan iya ƙonewa ya tafi da babban allon, a wayi gari kuɗin shekara sun zama hayaƙi.

Furosesa kam ta gwanjo na ɗauka, Intel Core i5 zubi na takwas. Waɗanda suka girme ta sun fi araha, amma Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓarsu. Mai shago ba lallai ya gaya maka wannan ba.

Na sa RAM gigabait 16 da ƙaramin SSD, na jingine katin hoto sai hali ya samu. Canjin da ya rage fanka na ƙara da shi, saboda zafin Afrilu.