Wankin jikin da na fara, babu jarka babu ƙulli

1/ Mutane da dama sun biyo ni ta bayan fage suna tambaya wai wane haɗin wankin ciki nake sha. To bari in amsa a fili kowa ya gani. Zaren zai ɗan yi tsawo, a daure a bi shi har ƙarshe.

2/ Ba na shan haɗin komai. Abin da na fara wata huɗu da suka wuce shi ne rage wa hantata da ƙodata wahala. Dalili kuwa kawuna ne. Shekara guda ke nan ana yi masa wankin ƙoda, sau biyu a mako, awa huɗu yana kwance jikin na'ura. Gona guda ta tafi a hidimar nan.

3/ Hawan jini ne ya cinye masa ƙoda a hankali, shekaru bai sani ba, tunda ba ya ciwo. Ganin haka na je aka auna nawa. Ma'aikaciyar ta dube ni ta ce, "Malam, naka ma fa ya fara leƙowa." Shekarata 41, babban ɗana bai gama firamare ba. Ranar ban yi barcin kirki ba.

4/ Duk wanda na faɗa wa, shawara ɗaya ce: ka yi wankin ciki. Kun dai san su. A kasuwar Shuwarin ko bakin tasha, mota da lasifika, jarkoki a jere. Dattin ciki, basir, sanyi, shawara, maiƙo, duk a gora ɗaya. Mutum ya sha, ciki ya murɗa, ya kwana yana zaryar bayi, da safe ya ji sakayau ya ce datti ya fita.

5/ Galibin abin da ya fita ruwa ne da gishirin jiki. Aikin irin su filasko ke nan, su zaburar da hanji. A zafin Afrilu na Dutse da ake haura digiri 40, wanda ya yi zawon kwana biyu, ƙodarsa ce ke biyan bashin. Kuma ba ka san me aka zuba a jarkar ba, balle ma'auninsa.

6/ Ba raina itatuwanmu nake ba, da su aka raine mu. Amma ko lambar NAFDAC da kuke gani jikin kwalba ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da cututtuka ashirin ɗin da aka jero.

7/ Allah Ya riga Ya sa mana masu wanki a jiki. Ƙoda biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini kullum, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a fitsari. Hanta kuma ita ke sarrafa magani da gubar da ta shigo, har jiki ya iya zubar da su. Dare da rana suke aiki, ba albashi.

8/ In kuma guba ta gaske ta fi ƙarfinsu, sai asibiti. Ku tuna gubar dalma a Zamfara a 2010, a yankin Anka da Bukkuyum, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Da magani na musamman likitoci suka riƙa cire dalmar daga jinin yaran, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen. Babu jiƙon da zai yi wannan aikin.

9/ To ni me nake yi? Na farko, ruwa. Kofi biyu bayan sallar asuba, sannan gora tana gefena har dare. Ma'aunina launin fitsari: in ya yi duhu kamar shayi, an bar ƙoda da ƙishi. A damina kuwa, lokacin amai da gudawa, sai an tafasa ruwan kafin ya shiga randa.

10/ Na biyu, sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a rana, in ya tsaya a 6 ya fi. Haɗin kauri ɗaya wajen mai shayi da lemon kwalba ɗaya sun kai ka can. Na koma zoɓo da citta da kanumfari, sukari ɗan kaɗan. Zoɓon nan namu na Jigawa har Meziko ake kai shi, mu kuma muna sayen ruwan kala.

11/ Na uku, gishiri. Ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, har da wanda ke cikin magi da burodi da taliyar yara. Nan ne aka kai ruwa rana da uwargida. Ta ce, "Baban Abba, so kake a ce ban iya miya ba?" Muka daidaita: a raba magin biyu, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Yanzu ita ke yi wa ƙawayenta wa'azi.

12/ Na huɗu, ganye da 'ya'yan itace. Giram 400 ake so a rana. Ba sai tufa ta kanti ba. Kwaɗon zogale, rama, tafasa, miyar kuka, kuɓewa, yalo, kankana, gwanda. Da wake da tuwon dawa ko gero, hanji da kansa yake sakin kaya ba murɗa. In kwaɗayin zaƙi ya taso, dabino uku, tunda Dutse garin dabino ce.

13/ Na biyar, wanda ba a cika magana a kai ba: hunhuna. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin wata guba mai suna afulatoksin, tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta yi ɗaci ko ta canza launi, a zubar. Kada a ce asara ce a mayar da ita ƙuli-ƙuli.

14/ Na shida, ƙwayoyin ciwon jiki. Leburan da ya wuni a rana, ya biya kemis da yamma a haɗa masa diclofenac da ibuprofen kullum, ga ƙishi ga magani, ƙodarsa yake gasawa. A yankin Haɗeja da Gashuwa an daɗe ana kukan yawan ciwon ƙoda. Bai kamata mu ƙara wa kanmu da hannunmu ba.

15/ Na bakwai, tafiyar ƙafa minti 30 da sassafe, kwana biyar a mako, kafin rana ta buɗe. Waya kuma ƙarfe goma na dare ta tafi caji a falo, ni in kwanta.

16/ Na ƙarshe, gwaji. Awon jini, suga, aikin ƙoda, da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma yake shekaru bai nuna alama ba. Ana yi a Babban Asibitin Dutse da Rasheed Shekoni. In ba ka da shi, akwai rigakafi, allura uku.

17/ Sakamako? Makon farko miya salam, kai na sarawa saboda rashin shayin nan. Yanzu kumburin ciki bayan cin abinci ya ragu, wandona ya yi sako-sako, awon jinin ya ɗan sauko. Duk wata ina komawa a auna. Ranar da likita ya ce sai na fara magani, zan sha ba gardama.

18/ A kula: mai ciwon ƙoda ba ya ɗirkar ruwa ko 'ya'yan itace sai yadda likita ya tsara masa. Mai suga ya yi hattara da dabino. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tambaya kafin su mayar da zoɓo ruwan sha. Kuma kada kowa ya ajiye maganinsa saboda zaren wani a intanet.

19/ Ba sai ka ɗauki duka takwas ɗin ba. Zaɓi ɗaya a makon nan. In ni ne kai, da awon jini zan fara, in ɗauki Baba da Inna mu tafi tare, minti biyar an gama. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana. Amin.