Takin ure ya kashe mini rago



Bara da damana na sayo buhun takin zamani, wanda ake ce ma ure, a kasuwar Buza. Da na iso gida Tabotaki na aje shi a zaure, baki buɗe. Ragon layyata ya kwance, ya lashi takin. Ba a yi sa'a guda ba ya kama makyarkyata, yawu na zuba, ciki ya kumbura. Kafin la'asar ya mutu. Laifi nawa ne.

Na tafi wurin malamin dabbobi in ji dalili. Ga abin da na koyo.

Nama, nono, wake da gujiya suna da abin gina jiki. Cikinsa akwai wani sinadari mai suna azot. Jiki yana ɗaukar abin da yake bukata. Wanda ya saura sai ya zama amoniya. Amoniya guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Amma Allah ya ba hanta aiki: ita ke juya amoniya ta zama ure, wanda cutarsa ba ta kai ta amoniya ba. Jini ya kai ure ga ƙoda, ƙoda ta fid da shi cikin fitsari. Babban mutum yana fid da kamar giram 20 zuwa 30 kowace rana.

Ashe ure na buhu da na fitsari abu guda ne!

To, mi ya kashe ragon? Cikin tumbin tumaki, awaki da shanu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke maida ure amoniya nan take. In bisa ta ci da yawa, aiki ya fi ƙarfin hanta, guba ta cika jini.

Ga wani abu kuma. Warin nan na garke mai sa hawaye, amoniya ce daga fitsarin bisashe. Ƙarfin taki ne ke bin iska. Ku shimfiɗa kara da ƙaiƙayi su sha fitsarin, sannan ku kai gona ku rufe da ƙasa.

Buhun ure kuwa, a ɗaure bakinsa, a kulle shi ɗaki, nesa da bisashe da yara. Kwanon da aka auna shi, kada a ba bisa ruwa ciki sai an wanke. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Amin.