Taɓarya Biyu a Turmi Ɗaya

A jikin baƙin allo ya fara ganin kwamfuta, zanen alli. Malaminsu a Wurno yakan zana akwati, ya ce nan ne ƙwaƙwalwar na'ura, ana kuma auna saurinta da gigahaz, wato bugu biliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda. Abin da yaron ya haddace ke nan, ya kuma yanke wa kansa hukunci cewa duk wadda lambarta ta fi yawa ita ce gaba.

A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, shi kuwa yatsansa bai taɓa sauka a kan madannai ba. Mahaifinsa ya kai riɗin da ya noma kasuwa, ya danƙa kuɗin a hannun babban ɗansa, wanda ya yi karatun kwamfuta a Kazaure, ya ce su je Kano su sayo ko da 'yar gwanjo ce. Kuɗin damina guda ne, ba a kuskure da shi sau biyu.

A titin Beirut aka ɗora musu guda biyu a kan tebur: wata ƙatuwa mai Pentium 4, gigahaz 3.2, da wata siririya mai Core 2 Duo, gigahaz 2. Nan take yaron ya dafa ta farkon.

"Yaya, ai wannan ta fi gudu."

"Sa hannunka inda iska ke fita," in ji yayan.

Ya sa, ya janye da sauri.

A inuwar shago yayan ya warware masa zancen. Ƙwaƙwalwar farko da kamfanin Intel ya fitar a 1971 ba ta kai bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa ba. A 2000 aka kai gigahaz ɗaya, a 2004 Pentium 4 ta taɓo 3.8, sai kamfanin ya janye alkawarin da ya yi na fitar da mai gigahaz 4. Zafi ne ya tare hanya. Ƙarin gudu yana neman ƙarin ƙarfin lantarki, zafin kuwa yana hauhawa fiye da gudun da aka samu, har ɗan guntun ya gagari fanka. Shi ya sa masu ƙira suka koma zuba ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu a guntu ɗaya, kowace tana gama aiki mai yawa a bugu guda.

"Ka ga Inna tana daka ita kaɗai. Komai zafin namanta, akwai inda hannu ke tsayawa. Idan ana gaggawa, me ake yi?"

"Lugude," in ji yaron.

Siririyar suka sayo. A garin da sai an kai na'ura shagon caji an biya, rashin zuƙar wutarta ya fi kowace lamba amfani. Kowane dare bayan isha'i yakan zauna a zaure yana koyon inda haruffa suke, ƙannensa na leƙe ta kafaɗarsa.

Ranar jarrabawa wanda ke kusa da shi ya ɓata mintuna yana lalube, ya rasa yadda ake wucewa zuwa tambaya ta biyu. Shi kuwa hannunsa bai yi rawa ba.

Da ya dawo mahaifinsa bai tambayi gigahaz ba, bai ma san da ita ba. Cewa ya yi kawai, "Riɗin ya yi rana?"

"Ya yi, Baba."